BABI NA UKU: MA'ANONIN KALMAR "CHARGE" A FANNONI DABAN-DABAN DA MATSALAR FASSARA TA DA "CAJI"

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda kalma ɗaya kan ɗauki ma'ana fiye da ɗaya gwargwadon muhallin da ta faɗo a cikinsa. A wannan babi kuwa za a ɗauki kalma guda ta Ingilishi, wato "charge", a bi diddigin ma'anoninta a fannonin ciniki da shari'a da kimiyya da yaƙi da mulki, sannan a auna yadda ake mayar da ita Hausa. Dalilin zaɓen wannan kalma shi ne, Bahaushe ya daɗe da aro ta, ya mayar da ita "caji", har ta zama 'yar gida. Wannan sabo shi yake sa mai fassara ya ɗauka ya san kalmar ciki da bai, alhali abin da ya sani bai wuce biyu ko uku daga ma'anoninta ba. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, "caji" ba ta iya ɗaukar duk kayan da "charge" take ɗauke da su, kuma akwai wuraren da tilasta mata ɗauka yake jawo ɓarna ta gaske.

3.1 Asalin Kalmar

Kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun fil azal. A shekarar 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu har tsawon ƙarnoni. Ta wannan hanya ce kalmar ta shiga Ingilishi, kuma an fara ganin ta a rubuce a ƙarni na 13. Faransanci shi ma gadonta ya yi daga "carricare" ta Latin, wadda ke nufin yi wa amalanke lodi. Ita kuma ta fito ne daga "carrus", wato amalanke, sunan da Romawa suka aro daga mutanen Gol, ƙasar da daga baya ta zama Faransa. Daga wannan tushe ne Ingilishi ya sami "car" da "carry" da "cargo". Har yau Bafaranshe da wannan kalma yake faɗin yi wa mota lodi.

Ke nan ma'anar farko ita ce ɗora kaya. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai fassara, domin kusan duk ma'anonin da za a gani a gaba ɗora wani abu ne a kan wani: kuɗi a kan mai saye, laifi a kan wanda ake tuhuma, albarushi a cikin bindiga, aiki a kan ma'aikaci. Hausa ma tana da irin wannan tunani. Ana ɗora wa jaki kaya, ana ɗora wa talaka haraji, ana ɗora wa mutum laifi, ana ɗora wa magaji nauyin gida. Wanda ya riƙe wannan zare ba zai ɓata ba idan ya ci karo da kalmar a wurin da bai saba ganin ta ba.

3.2 Fannin Ciniki da Bashi

A kasuwa kalmar tana nufin kuɗin da aka yanka wa mutum ya biya saboda wani aiki da aka yi masa. Wannan ita ce ma'anar da Hausa ta fi riƙewa, kamar a waɗannan misalai:

(1) Makaniki ya caje ni naira dubu biyar.
(2) Cajin banki ya cinye abin da ya rage a asusun.

Babu Bahaushen da zai kasa gane waɗannan jimloli, don haka babu laifi a cikinsu. Sai dai ya kamata a lura cewa Hausa tana rarrabe irin waɗannan kuɗaɗe da sunaye daban-daban. Akwai ladan aiki, da la'adar dillali, da kuɗin fito, da kuɗin haya, da haraji, da tara. Alal misali, a shekarar 2003 hukumar birnin Landan ta fara karɓar fam 5 a kullum daga mai motar da ya shiga tsakiyar birnin a lokutan aiki, domin rage cinkoso, kuma da wannan kalma aka raɗa wa kuɗin suna. Idan aka ce "cajin cinkoso" mai sauraro zai tsaya tunani. Idan aka ce "harajin shiga tsakiyar gari da mota" an gama magana.

Inda matsala ta fi girma shi ne a dokar bashi. A can kalmar ba kuɗin da ake biya take nufi ba. Haƙƙi ne da mai bin bashi yake da shi a kan wata kadara, ta yadda idan aka kasa biya zai sa a sayar da ita ya ɗauki kuɗinsa. Iri biyu ne. Akwai wanda aka kafa a kan kadara sananniya, kamar gini ko inji. Akwai kuma wanda yake shawagi a kan dukiyar kamfani gaba ɗaya, kamfanin yana ci gaba da saye da sayarwa, sai ranar da ya gaza biya sannan haƙƙin ya sauka a kan abin da ya tarar. Kotunan Ingila sun amince da wannan iri na biyu a shekarar 1870, kuma dokar kamfanoni ta Nijeriya ta gaje shi. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan ita ce jingina. Ɗan kasuwar da aka fassara wa takardar rance aka ce "banki yana da caji a kan shagonka" zai ɗauka wasu 'yan kuɗi ne za a cire, bai san shagon ne dungum ya shiga hannu ba.

3.3 Fannin Shari'a

A shari'ar manyan laifuka kalmar tana nufin tuhuma, wato bayani a rubuce na laifin da hukuma take cewa mutum ya aikata, wanda ake karanta masa a gaban alƙali domin ya amsa ko ya musanta. Daga nan ne Hausa ta sami "caji ofis", wurin da 'yan sanda suke rubuta ƙara. Akwai matakai huɗu da bai kamata a cakuɗa su ba: zargi, da kamawa, da tuhuma, da samun mutum da laifi. Kalmar da ake nazari ta mataki na uku ce kawai. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi cewa wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Sashen ya kuma wajabta a sanar da shi irin laifin dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Wato ke nan fassara a nan haƙƙi ce da doka ta ba mutum.

A duba yadda ake iya mayar da jimlar "He was charged with theft" zuwa Hausa:

(3) An caje shi da sata.
(4) An kama shi da laifin sata.
(5) An gurfanar da shi bisa tuhumar sata.

Jimla ta (3) tana da harshen damo, kamar yadda za a gani a 3.7. Jimla ta (4) ita ce mafi muni, domin a Hausa idan an ce an kama mutum da laifi to magana ta ƙare, alƙali ya yanke. Mai fassarar da ya faɗi haka a rediyo ya yanke wa mutum hukunci tun ba a fara sauraron shari'arsa ba, kuma ko da kotu ta wanke shi daga baya, sunan ɓarawo ya riga ya bi shi har cikin unguwa. Jimla ta (5) ce kaɗai ta tsaya inda Ingilishin ya tsaya.

Haka nan akwai 'yar uwar kalmar, wato "discharge", wadda asalinta sauke kaya ne. Kotu tana iya sallamar mutum ba tare da ta wanke shi ba, misali idan masu ƙara suka kasa kawo shaidu. Irin wannan sallama ba ta hana a sake gurfanar da shi. Wanda aka wanke kuwa, sashe na 36 ya hana a sake yi masa shari'a a kan wannan laifi, sai da umarnin babbar kotu. Mai wannan nazari ya ga haka da idonsa a unguwarsu. An sallami wani saurayi saboda shaidu ba su zo ba, wanda ya kawo labari gida ya ce an wanke shi, aka yi ta barka da arziki. Bayan 'yan watanni aka sake kiran shari'ar, iyayen suka ɗauka zalunci aka yi musu, alhali kalma ɗaya ce aka fassara musu ba daidai ba.

3.4 Fannin Kimiyyar Lantarki

A tsakanin 1745 da 1746 aka ƙirƙiro wata kwalba mai tara lantarki, wadda ta ɗauki sunan birnin Laidin na ƙasar Holan. Masanan lokacin suna ɗaukar lantarki kamar wani ruwa ne da ake ɗurawa, don haka suka yi amfani da kalmar lodi wajen bayanin cika kwalbar. Benjamin Franklin na Amurka yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan amfani, kuma shi ne ya raɗa wa iri biyu na abin suna, na alamar tarawa da na alamar ɗebewa. A 1785 Charles Coulomb na Faransa ya auna ƙarfin da ke tsakanin abubuwa biyu masu ɗauke da shi, shi ya sa ma'auninsa ya ci sunansa. Iri ɗaya suna ture juna, iri biyu mabambanta suna jan juna.

A ilimin fiziks na yau kalmar tana nufin wata siffa ce ta ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙwayar zarra. Ilektiron yana da na ɗebewa, furoton yana da na tarawa. Muhimmin abu shi ne, wannan siffa ba a ƙirƙirar ta kuma ba ta ƙarewa, sai dai ta tashi daga wani wuri ta koma wani.

To, a nan ne "caji" take yi wa ɗalibi tarko. Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, yaro ya tashi yana jin ana cewa caji ya cika, caji ya ƙare, a miƙo caza. A tunaninsa caji wani abu ne da ake ɗura wa batir kamar fetur, yana ƙonewa ya ƙare. Amma abin da batir yake ajiyewa makamashi ne. Idan aka sa waya a wuta, ƙwayoyin litiyam ne suke tashi daga ɓangare ɗaya na batirin su taru a ɗaya ɓangaren, idan ana amfani da wayar kuma su koma. Batir cikakke da wanda ya mutu duk ɗaya suke wajen yawan abin da masanin fiziks yake kira "charge". Saboda haka malamin da ya ce wa ɗalibai "caji ba ya ƙarewa" zai ga sun dube shi da mamaki, domin wayar kowa ta taɓa mutuwa a hannunsa.

A wannan fanni ba makawa sai an yi aro, domin Hausa ba ta da tsohuwar kalma ta wannan siffa. Abin da wannan nazari yake ganin ya dace shi ne a raba su da suna, a ce "cajin batir" ga na yau da kullum, a ce "cajin ƙwayar zarra" ga na fiziks, a kuma yi wa ɗalibi bayanin bambancin tun ranar farko.

3.5 Fannin Yaƙi

A wajen mayaƙa kalmar tana da ma'ana biyu. Ta farko ita ce gwargwadon albarushin da ake zuba wa bindiga ko igwa. Wannan Hausa tana da sunansa tun zamanin 'yan bindigar sarki, wato ɗuri. Ta biyu ita ce rugawa a guje a faɗa wa abokan gaba, musamman a kan dawaki. Sanannen misali shi ne abin da ya faru a Balakalaba ranar 25 ga Oktoba, 1854, lokacin Yaƙin Kirimiya. Mahayan Ingila sama da 600 suka yi sukuwa kai tsaye zuwa bakin igwar Rasha saboda an fahimci umarni ba daidai ba, aka yi musu mummunar ɓarna. Mawaƙin Ingila Tennyson ya yi waƙa a kan abin a wannan shekarar, kuma kalmar tana cikin sunan waƙar. Duk wanda ya ce "cajin mahaya dawaki" ya ba da dariya. Hausa, wadda ta san barade da 'yan lifidi, tana da sukuwa da farmaki da hari da afkawa, sai wadda mai fassara ya zaɓa.

3.6 Fannin Mulki da Sauran Wurare

Idan aka ce mutum yana "in charge" ana nufin an ɗora masa nauyin wuri ko na mutane. Wannan ma ta shigo Hausa ta wata ƙofa daban, domin a ƙauyuka akan kira shugaban ƙaramin asibiti "incaj". Abin lura shi ne, mai faɗin "incaj" ba ya jin wata dangantaka tsakaninta da "caji", ko da yake uwarsu ɗaya. A harkar jakadanci kuma akwai muƙamin "chargé d'affaires", wanda aka bari da sigarsa ta Faransanci. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta sa shi a mataki na uku cikin shugabannin ofisoshin jakadanci, kuma da wannan suna ake kiran wanda ya riƙe ofis idan jakada ba ya nan. Hausarsa ita ce mai riƙon ofishin jakadanci.

A ƙwallon ƙafa kalmar tana nufin sa wa abokin karawa kafaɗa, wanda doka ta yarda da shi idan an yi shi daidai, ta kuma hukunta shi idan ya zama bangaza ta ganganci. A ilimin tambura kuwa sunan duk wani zane ne da aka ɗora a kan garkuwa. Farin zanen nan mai rassa biyu da ke kan baƙar garkuwar tambarin Nijeriya, wanda ke wakiltar haɗuwar kogin Kwara da na Binuwai, misali ne na wannan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da "caji" za ta iya bayyanawa.

3.7 Ma'anonin da Hausa ta Ƙara

Kalmar aro ba ta zama yadda ta zo. Bayan Hausa ta ɗauki ma'anar kuɗi da ta tuhuma da ta batir ta bar sauran, sai kuma ta yi nata ƙari. Ana cewa an caje gida ko an caje aljihun mutum, wato an bincike shi. Wannan ba ta cikin ma'anonin "charge" a Ingilishi, kuma wannan nazari yana ganin kamar "search" ce ta haɗu da ita a bakin Bahaushe saboda kusancin furuci. Ana cewa tambaya ta caza wa mutum kai. Samari kuma sukan ce wane ya yi caji, wato ya bugu. Yanzu a dubi wannan jimla:

(6) 'Yan sanda sun caje shi.

Mai sauraro yana iya fahimtar an lalube shi, ko an rubuta masa tuhuma, ko an karɓi kuɗi a hannunsa. Ta farko aikin yau da kullum ne, ta biyu matakin shari'a ce, ta uku kuwa tana iya zama zargin cin hanci. Jimlar da za ta iya ɗaukar waɗannan uku ba ta cancanci shiga labarai ko takardar kotu ba.

3.8 Tarke

Masu goyon bayan amfani da "caji" a ko'ina suna da hujjojinsu. Sukan ce gajeruwa ce, kowa ya san ta, kuma harshe da aro yake rayuwa, tun da shi kansa Ingilishi aro ta ya yi. Wannan gaskiya ne, kuma nazarin nan ba ya neman a kori kalmar. Wanda ya ce a daina faɗin cajin waya ya ɗauko aikin da ba zai ƙare ba.

Sai dai hujjar ta manta da abu ɗaya. Bature yana rarrabe ma'anonin kalmar ne da ƙananan kalmomin da ke biye da ita. Idan "with" ta biyo ta, yawanci tuhuma ce ko ɗora aiki. Idan "for" ce, kuɗi ne. Idan "at" ce, farmaki ne. Da aka aro kalmar, waɗannan 'yan rakiya ba su biyo ta ba. Ta shigo Hausa ita kaɗai, babu abin da zai nuna wa mai sauraro wace fuska aka nufa sai muhallin magana, shi kuwa muhallin ba kullum yake wadatarwa ba, kamar yadda misali na (6) ya nuna.

Haka kuma laifin ba na ƙamus ba ne. Tun daga na Neil Skinner na 1965 zuwa na Roxana Ma Newman na 1990, mai fassara daga Ingilishi zuwa Hausa yana da wurin dubawa. Amma aikin ƙamus shi ne jero kalmomi, zaɓe kuwa aikin mai fassara ne. Abin da ke faruwa shi ne gaggawa da sabo sukan hana shi ma ya buɗe ƙamusun, tun da kunnensa ya riga ya ba shi "caji". Baƙuwar kalma takan sa mutum ya tsaya ya bincika. Wadda ya saba da ita ita ce ke kayar da shi.

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da shawarar mai fassara ya yi wa kansa tambaya biyu kafin ya rubuta komai: me aka ɗora, kuma a kan wa aka ɗora shi? Idan kuɗi ne, ya duba ko lada ne ko haraji ko tara. Idan haƙƙin mai bin bashi ne a kan kadara, jingina ce. Idan laifi ne a gaban alƙali, tuhuma ce. Idan albarushi ne, ɗuri ne. Idan mayaƙa ne a kan abokan gaba, farmaki ne. Idan aiki ne, riƙo ne ko ɗaukar nauyi. Idan batir ne, to "caji" ta samu wurinta.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa "charge" ta taso ne daga lodin amalanke, ta bazu zuwa ciniki da shari'a da kimiyya da yaƙi da mulki, kowane fanni ya ba ta tasa ma'ana. An kuma ga cewa "caji" ta ɗauki kaɗan daga waɗannan ma'anoni ta ƙara da nata, don haka kalmomin biyu ba su zama daidai wa daida ba. A hirar yau da kullum wannan ba ya cutar da kowa. A kotu da takardar rance da ajin kimiyya kuwa, yana iya ɓata wa mutum suna, ko ya raba shi da dukiyarsa, ko ya dasa wa ɗalibi kuskuren da zai yi wuyar cirewa. A babi na huɗu za a ɗauki kalmar "case", wadda Hausa ta mayar "kes", a yi mata irin wannan awo domin a ga ko abin da aka gano a nan ya tsaya a kan kalma ɗaya ne ko ya shafi sauran kalmomin aro.